York a makon komawa aiki, Kogin Ouse ya cika ya batse

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa birnin York, a arewacin Ingila, tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa. Na hau jirgin ne a makon farko na Janairu, hutun Kirsimeti da na sabuwar shekara ya ƙare, kujeru cike da ma'aikata da ɗalibai masu komawa bakin aiki da karatu. Da aka wuce Doncaster ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma abin da ake hangowa ta taga gonaki ne da ruwa ya shanye, sai kan shingaye da bishiyoyin da suka kaɗe ganye.

Daga tashar York zuwa gadar Lendal bai fi tafiyar minti biyar da ƙafa ba. A kan gadar ne baƙo ke fara ganin yadda lamarin yake. A ƙasa Kogin Ouse ya tumbatsa, ruwansa ja da laka, yana jan rassan itace da gudu. Hanyoyin ƙafa da ke bakinsa duk sun nutse, bencin zama sai majingininsa kaɗai ake gani, agwagi na iyo a inda mutane ke takawa. A sama kuwa bas na wucewa, masu keke na wucewa, ana buɗe shaguna. Ranar ko yayyafi ba a yi ba.

Rashin ruwan saman nan shi ne abu na farko da ya kamata a fahimta, domin ruwan da ke cika York ba a York ake yin sa ba. Koguna uku ne, Swale da Ure da Nidd, suke gangarowa daga tsaunukan Yorkshire Dales da ke arewa maso yamma, su haɗu su zama Ouse kafin su iso birnin, ɗauke da ruwan ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita 3,000. In aka tafka ruwa a tsaunukan, ko ƙanƙara ta narke, sai bayan kwana ɗaya ko biyu kogi zai kai ƙololuwarsa a cikin gari. Mutanen Yamai da na Yawuri sun san irin wannan: a tsakiyar hunturu Kwara ke sake cika da ruwan da aka yi a Gini tun damina, wanda fadamun Mali suka riƙe watanni. Na York kwanaki ne ba watanni ba, amma jinkirin shi ne duk abin da garin ya dogara da shi. Shi ke ba mutane damar janye mota, rufe ƙofofin ruwa da kwashe kaya zuwa sama.

Akwai ma'aunin ruwa a bakin North Street, tsakanin gadar Lendal da gadar Ouse, ana kiransa Viking Recorder. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila na sa abin da ya nuna a intanet, kowa na iya dubawa a wayarsa, tare da hasashen inda ruwan zai kai nan da awoyi masu zuwa. Mai masaukina, wanda ke aikin dare a wani asibiti, kafin ya duba hasashen yanayi wannan lambar yake dubawa. A lokacin da kogi ke kwance lambar ba ta kai mita 2 ba. Da ta doshi mita 2, hanyoyin ƙafa mafi gangare sun fara shan ruwa. A wajen mita 3, gine-ginen da ke King's Staith da Queen's Staith, tsofaffin matsayar jiragen ruwa da ke fuskantar juna a ƙasan gadar Ouse, ruwa ya fara shigarsu. Mafi girman da aka taɓa aunawa shi ne mita 5.40, a watan Nuwamban 2000, lokacin da ya rage 'yan santimita kaɗan ruwa ya tsallake katangun kariya. A Disamban 2015 ya kai mita 5.2.

Abin da ya burge ni shi ne kowa ya san lambar da ta shafe shi. Mai ajiye mota a filin St George's Field ya san tasa, don filin a bakin kogi yake kuma yana cikin wuraren farko da ake rufewa. Mai kai yara wasa lambun Rowntree Park ya san tasa. Direban bas ya san ranar da za a tare titin Skeldergate a karkatar da shi. Mutanen ƙauyen Naburn da masu bi ta gadar Cawood a kudu sun san lokacin da hanyarsu ke yankewa.

Waɗanda abin ya fi taɓawa a safiyar komawa aiki su ne masu keke. York gari ne na keke, kuma manyan hanyoyin keken a bakin kogi aka shimfiɗa su, irin su New Walk da Terry Avenue da ta wajen Clifton, saboda babu hawa babu gangara babu mota. In ruwa ya rufe su, duk jama'ar nan kan titin mota suke dawowa, a gari mai ƙananan tituna da gadojin mota 'yan ƙalilan. Ga shi a farkon Janairu rana ba ta fitowa sai kusan takwas da rabi, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, wato a duhu ake fita a duhu ake dawowa. Wanda ya san garin yakan ƙara rabin awa a kan lokacin fitarsa, ya sa fitila gaba da baya da riga mai ƙyalli. Mai mota daga ƙauyuka kuma gara ya bar ta a ɗaya daga cikin manyan filayen ajiye mota da ke gefen gari, kamar Askham Bar ko Grimston Bar ko Rawcliffe Bar, ya shiga bas ya ƙarasa.

Gargaɗin hukuma hawa uku ne. Na farko yana cewa ambaliya na iya yiwuwa, a shirya. Na biyu yana cewa ana sa ran ta, a ɗauki mataki yanzu. Na uku yana nufin rai na cikin haɗari. Duk wanda ya yi rajista, kyauta ake turo masa saƙo ta waya ko kira, ko da tsakar dare. Matsalar wannan lokaci na shekara ita ce da yawa sun yi tafiya hutu, shaguna da ofisoshi sun kwana biyu a kulle, saƙo ya zo ba kowa a kusa. Shi ya sa masu shaguna a bakin kogi ke barin makulli a hannun maƙwabci kafin su tafi, wasu ma sukan kafa allunan tare ruwa tun kafin hutu.

Game da albashi, dokar Birtaniya ba ta tilasta wa mai aiki ya biya ma'aikacin da ya kasa zuwa saboda hanya ta yanke ba, sai dai in yarjejeniyar aikinsa ta faɗi haka. In wurin aikin ne ya rufe alhali ma'aikaci a shirye yake, galibi ana biya. In makarantar yara ce ta rufe ba zato, uwa ko uba na da haƙƙin ɗaukar ɗan lokaci don neman mafita, amma ba dole a biya shi ba. Masu aikin kwamfuta sukan zauna gida su yi. Ma'aikatan jinya da masu shara da masu dafa abinci da direbobi ba su da wannan zaɓin, kuma a ganina su ne ambaliyar ke fara ci wa aljihu.

Wurin da na fi daɗewa a tsaye shi ne mahaɗar koguna biyu, kudu da tsohuwar hasumiyar Clifford's Tower. A nan ƙaramin Kogin Foss ke shiga Ouse. Romawa ne suka kafa garin a tsakanin kogunan a shekara ta 71 miladiyya, don ruwa ya kare su ta ɓangarori biyu, kuma wannan mahaɗar ce babbar matsalar garin har yau. In Ouse ya cika, yakan fi Foss tudu, sai ya tura ruwa baya cikin Foss, ya bi ta tsakiyar unguwanni. Bayan ambaliyar 1982 aka gina shinge a bakin, ya fara aiki a 1987: ƙofar ƙarfe mai nauyin tan 16.5 da ke rataye a sama jiragen ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta, in Ouse ya taso sai a sauke ta ta toshe bakin. To amma in an toshe, ruwan Foss kansa ba shi da mafita. Saboda haka aka kafa injinan zuƙar ruwa takwas a gefe, suna ɗebo ruwan Foss suna watsa shi cikin Ouse, kimanin tan 30 a kowace daƙiƙa. Ƙofa ba ta da amfani in babu injinan, injinan kuma ba sa aiki in babu wuta.

A nan aka samu matsala ranar 26 ga Disamban 2015. Watan ya zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta ƙoshi ba ta iya shan ko ɗigo, Foss ya kawo ruwan da ya fi ƙarfin injinan, ruwa kuma ya fara shiga ginin da kayan lantarkinsu suke. Ma'aikatan suka ga in wuta ta ɗauke ƙofa na ƙasa, za ta maƙale a rufe, injina a kashe, Foss ya yi ta taruwa a bayanta ba mafita. Sai suka ɗaga ta. Ouse ya kutsa, gidaje da shaguna kimanin 600 suka sha ruwa a wajen Huntington Road, Foss Islands Road, Walmgate da Fossgate. Cibiyar wayar tarho ta garin ta nutse, layukan waya da intanet suka ɗauke, na'urorin biyan kuɗi da kati suka daina aiki a shaguna, a gari mai cike da baƙi 'yan hutu. Sai da jirgin soja mai saukar ungulu ya kawo kayan gyara ta sama. Gidan tarihin Jorvik, wanda ke ƙarƙashin ƙasa, bai sake buɗewa ba sai Afrilun 2017.

Mutane sun yi fushi da ɗaga ƙofar, kuma wanda ruwa ya shiga ɗakinsa washegarin bikin Kirsimeti yana da dalilin fushi. Amma in aka dubi lissafin, kuskuren ya girmi daren: an ajiye kayan wutar injinan a inda ruwa zai iya kai musu. Gyaran da aka yi daga baya ya ci fam miliyan 38. An sa sababbin injina masu jan tan 50 a daƙiƙa, an ɗaga ɗakin lantarki da na sarrafawa sama, an ƙara wutar ko-ta-kwana, an sauya ƙofar da wadda ta fi tsawo. Gwamnati ta kuma ware fam miliyan 45 don sauran katangu da ƙofofin garin. Ranar da na je ƙofar na ƙasa, kuma ana ganin ruwa na tafasa a inda bututun injinan ke amayar da shi.

A arewacin gari akwai wata dabarar da ba ta buƙatar inji. Clifton Ings fili ne na ciyawa a bakin kogi, an kewaye shi da gaɓar ƙasa, an bar shi ba gini. In kogi ya kai wani matsayi sai a bar ruwa ya shiga, ya riƙe sama da mita miliyan 2 na ma'aunin kubik, abin da ke rage tsawon ruwa a tsakiyar gari da kimanin santimita 15. Santimita 15 ba ta da yawa a baki, amma ita ce tsakanin dokin ƙofa da tsakar ɗaki. Muhimmin abu shi ne lokacin buɗewa: in filin ya cika da wuri, babu sauran wuri lokacin da babban ruwan ya iso.

Na bi gidajen da ke gangaren Skeldergate da Clementhorpe ina duba ƙofofi, don a nan ake ganin aikin ɗaiɗaikun mutane. A gefen kowace ƙofa an ɗaure ƙarafa biyu masu kwari a jikin bango. In gargaɗi ya zo sai a zura allon alminiyam a ciki, a ɗaure kusoshi har robar da ke gefensa ta matse. Na tsaya kusa da wani dattijo yana kafa nasa. Kafin ya zura allon sai da ya sa buroshi ya share kwarin tas, ya bi robar da yatsa yana neman tsagewa. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin robar ta isa ta bar ruwa ya yi ta tsiyaya duk dare, kuma robar kan bushe ta fashe in an ajiye allon shekara a rana ko kusa da zafi.

Ƙofa kuma ita ce hanya mafi sauƙin tarewa. Tsofaffin gidajen Ingila daɓensu na katako ne a kan rami, kuma a ƙasan bango akwai bulo mai huji-huji da ke shigar da iska don kada katakon ya ruɓe. Ruwa ta nan yake shiga ya ɓullo ta ƙarƙashin kafet, mai gida na can yana gadin ƙofa. Akwai murfin da ake rufe hujin da shi, akwai kuma sabon bulo mai rufe kansa in ruwa ya taɓa shi. Wanda ya sa murfi dole ya cire bayan ruwa ya janye, in ba haka ba laima ta cinye katakon. Hanya ta uku ita ce mafi muni: magudanar ƙazanta. In ta cika sai ta dawo baya, ta fito ta masai da wurin wanka na ƙasa. Maganinta bawul ne mai buɗewa ta gefe ɗaya kawai, da ake sawa a bututun fita, ko wata roba da ake cusawa a bakin masai a hura mata iska. Duk da haka ruwa kan tsattsafo ta ƙasa, shi ya sa za ka ga tiyo na leƙowa ta taga yana zubar da ruwa a titi, wani ƙaramin inji ne a rami a cikin ɗaki yake aiki.

Allunan ba sa wuce santimita 60 zuwa 90, kuma da gangan ne. In ruwan waje ya haura kimanin santimita 60 alhali ciki a bushe yake, nauyinsa na iya tura bangon gida na bulo ya tsage. Daga nan shawarar masana ita ce a bar shi ya shiga. Saboda haka gidajen da suka saba sun sauya tsari: tayil ko dutse a ƙasa maimakon kafet, soket ɗin wuta a tsawon ƙirji, mitar wuta da tukunyar ɗumama gida a sama, firji a kan dakali. Tsohuwar mashayar Kings Arms da ke King's Staith ta yi suna da wannan, kusan kowane hunturu sai ruwa ya shige ta, amma da ya janye sai a wanke da tiyo a sake buɗewa.

Buhun yashi, wanda aka fi gani a talabijin, shi ne mafi rauni a cikin kayan. Rage ruwa yake yi, ba ya tsayar da shi. In za a yi amfani da shi, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake cika shi, kada a ɗaure baki, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar ginin bulo kowane buhu ya hau mahaɗar biyun da ke ƙasansa, a tattake, a kuma shimfiɗa leda mai kauri a jikin ƙofa tukuna. Buhun da aka cika fam ba ya kwanciya, yana barin kafa.

Mota ce ta fi jawo asarar da za a iya kauce wa. Mai saurin zuwa aiki ya iske ruwa a kan titin da ya saba bi, ya ce ai kaɗan ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga mota, santimita 15 na iya kayar da babban mutum. Ko ruwan a tsaye yake, bakin da injin ke shaƙar iska a yawancin ƙananan motoci a ƙasa yake, bayan bamba. In ya zuƙi ruwa ya kai cikin silinda, fistin ba zai iya matse ruwa ba yadda yake matse iska, sai sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe, inji ya tashi daga aiki. In mota ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, tayarwar ce ke ƙarasa ta. In kuma an wuce ta ruwa marar zurfi, a giya ta ɗaya ake bi a hankali, mota ɗaya bayan ɗaya, a fito a taka birki sau da yawa ya bushe.

Musulmin da ya je garin a irin wannan lokaci ya kula da tufafinsa. A tsofaffin unguwanni bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, don haka ruwan da ya malalo titi akwai najasa a ciki, da cututtuka irin wadda fitsarin ɓera ke yaɗawa. Takalmin ruwa na roba, a cusa ƙafar wando a ciki, a riƙe safa ta daban a jaka, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Lokutan salla kuma a matse suke: azahar jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar wajen ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu, duka uku a cikin lokacin aiki. Masallacin garin na Bull Lane, kusa da Lawrence Street, a gabashin tsohuwar ganuwar garin.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen wahala ba. Ouse a hankali yake sauka, kuma in aka sake ruwa a tsaunuka kafin ya koma makwancinsa, karo na biyu kan fi na farko, shi ya sa hukuma ba ta gaggawar buɗe ƙofofin ƙarfe na Marygate da North Street. Abin da yake bari laka ce mai santsi, in sanyi ya daskarar da ita da dare ta zama tarko ga mai keke, har sai ma'aikatan birni sun bi da motar wanki. Gidan da ruwa ya shiga sosai kuwa, sai an ɗauki hoton komai saboda inshora, an yi alama a bango inda ruwa ya tsaya, an cire kafet da filasta, sannan na'urorin tsotse laima su yi makonni suna aiki. Masu gini na lissafa wata guda ga kowane inci na kaurin bango. Wanda ya yi gaggawar fenti, gishiri da fumfuna za su fito masa daga baya. Tun Afrilun 2016 akwai tsarin Flood Re da ke sa inshorar gidajen da ke cikin haɗari ta yi sauƙi, amma bai shafi gidajen da aka gina daga 2009 ba, bai kuma shafi shaguna ba. Ƙananan 'yan kasuwar bakin kogi da yawa da aljihunsu suke gyara.

Kafin in bar yankin na shiga bas mai zuwa Leeds na sauka a Tadcaster, ƙaramin gari mai nisan kilomita 16 daga York, a kan Kogin Wharfe. Gadarsa ta dutse, mai shekaru kimanin 300, wani ɓangarenta ya rufta da yammacin 29 ga Disamban 2015, bayan ruwa ya rarake ƙarƙashin ginshiƙanta, har bututun gas da ke jikinta ya fashe aka kwashe mutanen kusa. Garin ya rabu biyu, shaguna da makarantu da wurin likita wasu a wannan gaɓa wasu a waccan. Mai mota sai ya zagaya ta babban titin A64, masu ƙafa kuma suka koma bi ta tsohuwar gadar jirgin ƙasa kafin a kafa musu ta wucin gadi. Sai 3 ga Fabrairun 2017 aka sake buɗe ta, an faɗaɗa ta, an ƙarfafa gindinta. Ko yanzu in Wharfe ya kai wani matsayi ana rufe ta har ruwa ya sauka a duba ginshiƙan, don haka mai aiki a ɗaya gaɓar yakan duba ma'aunin Wharfe tun da dare.